An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Abin Da Ke Sa Tab Ɗin Gida Yake Rufe Kansa

  

A wannan fitowa ba girki za mu yi ba, ba kuma kwalliya ba. Maganar wani baƙo za mu yi wanda ya shigo gidajenmu ya miƙe ƙafa, wato kwamfutar hannun nan mai faɗi kamar allon ɗan makaranta, wadda yara suke kira tab. Maigida ya saya wa yara domin karatu, saurayi ya kai wa budurwa a matsayin toshi, uwargida kuma a ciki take karanta littattafan soyayya ko ta riƙa tallar atamfa da turaren wuta. To amma fa wasiƙun da suke zuwa mini a 'yan watannin nan kusan kukansu ɗaya ne. Ana tsakiyar aiki sai manhaja ta ɗan sandare, kafin ki ce kwabo ta rufe kanta ta watso ki waje, abin da kika rubuta kuma ya bi ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da yake biyo baya. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa maigidanta ya zane babban ɗansu da bulala, wai shi ya lalata tab ɗin da wasanni. Wata kuma ta ce rabonta da magana da abokiyar zamanta ya kai mako biyu, domin tana zargin 'ya'yanta ne suka yar da shi ƙasa suka ɓoye mata. Wata sau uku tana aika nata wurin mai gyara, kowane zuwa da kuɗinsa, amma ciwon yana nan jiya i yau. Haba jama'a! An bar jaki ana dukan taiki. A mafi yawan irin wannan matsala, yaro bai yi komai ba, kishiya ba ta yi komai ba, tab ɗin ma bai lalace ba. Wurin aikinsa ne ya yi masa kaɗan, kuma da haka aka ƙero shi.

Bari in yi miki bayani dalla-dalla. Mu a nan duk abin da ya shafi ajiya a waya ko tab, memori muke ce masa, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali, domin kuwa abu biyu ne mabambanta. Ki ɗauki misalin rumbu da turmi. Rumbu shi ne inda ake zuba hatsin shekara, ya kwana ya tashi yana nan. Turmi kuwa shi ne inda ake aikin hatsin, a ɗebo tiya guda a zuba a surfa, a kwashe, a sake ɗebo wata. Ko da buhu ɗari gare ki a rumbu, abin da turmi zai ɗauka a lokaci guda shi zai ɗauka, in kika matsa masa sai ya riƙa zuba a ƙasa.

To haka tab yake. Yana da ma'ajiya, wato rumbunsa, inda hotuna da finafinai da littattafai da su kansu manhajojin suke kwance ko da an kashe shi. Ita ce za ki ga an rubuta 32 ko 64 ko 128 a jikin kwali. Sannan yana da ƙwaƙwalwar aiki, wadda a kwali ake rubutawa RAM, ita ce turmin. Duk manhajar da kika buɗe, sai an ɗebo ta daga rumbu an zuba a wannan turmi kafin ta yi motsi, kuma da zarar an kashe tab ɗin, duk abin da ke cikin turmin ya tafi. Ita ce ƙaramar lambar nan, 1 ko 2 ko 3 ko 4, wadda yawancinmu ba ma ko kallonta ranar saye. Giga guda mega 1,024 ne. Kuma kada ki ɗauka in an ce giga 2 duka naki ne, a'a. Babbar manhajar da ke tafiyar da tab ɗin, wato Android ko ta kamfanin Apple, ita ma a cikin turmin take zaune, kuma a ƙananan tab takan cinye kusan rabi tun kafin ki taɓa komai.

Za ki ce, to me nake buɗewa haka da har zai cika? Ga lissafi mai sauƙi. Hoton biki guda da aka ɗauka da kyamarar waya ta yau da kullum yana da ɗigo-ɗigo miliyan 12, wato 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi. A cikin rumbu a naɗe yake kamar zane a akwati, bai fi mega 3 ko 4 ba. Amma idan manhaja za ta baje shi gaba ɗayansa domin ki gyara shi ko ki ƙara girmansa, kowane ɗigo yana cin gurbi huɗu, sai hoton nan guda ya koma kimanin mega 48. Hoto goma irin wannan sun kusa rabin giga ke nan. Haka littafin da aka ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya aka haɗa, irin wanda ake turowa a guruf-guruf na WhatsApp, kowane shafi hoto ne, nauyinsa ya ninka na littafin da aka buga da rubutu zalla. Ki haɗa da shafukan intanet ashirin da aka buɗe tun makon jiya ba a rufe ba, ga Facebook da TikTok suna can baya suna jiran saƙo, ga wasan motar da auta ya bari a buɗe. Ina turmi ɗan giga 2 zai kai wannan kaya?

Yanzu me yake faruwa idan wuri ya cika? Kin san ɗakin amarya ranar buɗar kai. Idan dangin ango suka iso aka ga babu masaka tsinke, uwar biki takan fara da yara ta ce su fita waje, sannan maƙwabtan da suka riga suka ci suka sha, in har yanzu wuri bai samu ba sai a kai ga ƙawayen amarya. Haka Android take yi. Akwai wani ɗan sashe a cikinta wanda aikinsa ke nan, idan ƙwaƙwalwar aiki ta kusa ƙarewa sai ya fara rufe manhajojin da ke can baya waɗanda aka daɗe ba a waiwaye su ba. Shi ya sa za ki bar littafi a shafi na 200 ki leƙa saƙo, ki dawo ki tarar ya koma farko. In an kori na baya duka amma wuri bai isa ba, sai a rufe ta gabanki, wadda kike aiki da ita. Bugu da ƙari, kowace manhaja akwai iyakar da aka yanka mata, idan ta nemi fiye da rabonta sai ta faɗi nan take. Tab ɗin Apple, wato iPad, shi ma haka yake yi, ya gwammace ya sallami manhaja ɗaya da a ce gaba ɗayansa ya sandare. Ashe ke nan rufewar da kike gani ba lalacewa ba ce, dabara ce ta ceton kai.

Kada kuma wata ta ce ai don nata mai araha ne. Wannan ciwo bai bar na masu kuɗi ba. A shekarar 2010 kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad na farko, duniya ta ɗauka, mutane suka yi ta layi. Rumbunsa ya kai giga 16 zuwa 64, amma turminsa mega 256 ne kacal, wato rubu'in giga. Ba a jima ba masu shi suka fara kukan cewa manhajar shiga intanet tana rufewa da su idan shafi ya yi nauyi. Zuwa 2012 kamfanin ya daina sabunta shi, ya tsaya a iOS 5, alhali wayar iPhone 4 da suka fito shekara guda, mai mega 512, an ci gaba da tafiya da ita har iOS 7. Daga nan kamfanin ya yi ta faɗaɗa turmi: iPad 2 na 2011 mega 512, na 2012 giga 1, iPad Air 2 na 2014 giga 2, ƙaramin kuɗin da ya fito a 2022 kuma giga 4. Kin ga a cikin shekara 12 an ninka sau 16. Dalili kuwa shi ne manhajoji kullum ƙiba suke yi, kowace sabuntawa da sabon kayanta. Tab ɗin da ya yi miki aiki lafiya lau shekara huɗu da suka wuce, yau yana iya kasawa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Rigar yaye ce, yaro ya girma.

Shi ma kamfanin Google, mai Android, ya san da wannan. A 2017 ya fito da wata Android mara nauyi mai suna Android Go domin na'urorin da ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce giga 1 ba. Amma zuwa 2022 ita kanta mara nauyin sai da aka ce tana buƙatar giga 2 a ƙalla. To 'yar uwa, idan mara nauyin ma giga 2 take nema, me kike tsammani daga tab ɗin yara mai giga 1 da aka saya saboda kyan robarsa da hoton kyanwa a baya?

Sai dai ba kowace rufewa ce ta ƙarancin wuri ba, don haka ki lura da alamomi kafin ki yanke hukunci. Idan na ƙwaƙwalwa ne, za ki ga abin yana faruwa ne lokacin da kaya ya yi nauyi, kamar kiran bidiyo, ko babban littafi, ko wasa mai hotuna da yawa. Za ki ga allon rubutu yana jan ƙafa kafin ya fito. Za ki ga in an kashe an kunna ya warware na ɗan lokaci, can anjima ya koma gidan jiya. Amma idan manhaja guda ce tak take rufewa, kuma a wuri ɗaya kullum ko da yanzu aka kunna tab ɗin, to matsalar daga ita manhajar ce, a sabunta ta ko a cire a sake sawa. Idan kuma tab ɗin ne gaba ɗaya yake mutuwa allo ya yi baƙi, musamman in caji ya yi ƙasa ko ya ɗau zafi, to a duba batir. In kuwa saƙo yake fitowa cewa babu wurin sauke sabon abu, wannan rumbu ne ya cika, shi ne ake wa magani da goge finafinai. Shi ma rumbun kada a bari ya cika maƙil, domin manhajoji suna ɗan ajiye tarkacen aikinsu a can, in babu wuri sai su rikice.

To mene ne abin yi ga wadda ta riga ta saya? Na farko, ki riƙa kashe shi gaba ɗaya ki sake kunnawa, ko da sau biyu a mako, kuma lallai kafin a fara wani aiki mai muhimmanci. Akwai manhajojin da in sun ari wuri ba sa mayarwa, kamar maƙwabciyar da ta ari tukunya, kashewar nan ita take ƙwato shi. Na biyu, ki shiga manhajar intanet ki rufe shafukan da suka taru. Na uku, duk manhajar da ba a amfani da ita a cire ta ɗungurungum, domin da yawansu ko an share su daga allo suna sake tashi a ɓoye. Na huɗu, ki nemi ƙananan 'yan uwan manyan manhajoji, alal misali Facebook Lite da aka fito da ita tun 2015 saboda ƙananan wayoyi, akwai kuma TikTok Lite. Na biyar, a cire hoton bango mai motsi da sauran ƙyale-ƙyalen da ke kan allo. Na shida, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan yarinya tana gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita ta kwamfuta gaba ɗaya, to a rufe komai a bar mata wannan kaɗai. Wadda kuma take rubuta labari ko lissafin adashi, ta riƙa adanawa a kai a kai, kada ta bari sai ta kai ƙarshe.

Akwai kuma abubuwa uku da nake roƙon ki kada ki zubar da kuɗinki a kansu. Na ɗaya, ɗan memorin nan da ake sakawa a gefe. Yana da amfani, amma rumbu yake ƙarawa, ba ya ƙara turmi ko da ƙwaya. Na biyu, manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka da suke cewa za su share miki ƙwaƙwalwa tab ya yi gudu. Su ma wuri suke ci, ga tallace-tallace, kuma abin da suka kora minti kaɗan ya dawo. Hasali ma tun daga Android 14 ta 2023, Google ya hana kowace manhaja korar 'yar uwarta, sai dai ta rufe nata na kanta. Na uku, filashin. Wanke tab a mayar da shi kamar sabo yana iya sa ya ɗan sake na wasu kwanaki saboda an rage masa kaya, amma da kin mayar da manhajojinki ciwon zai dawo, ga hotunan aure da na suna sun salwanta in ba a kwafe su ba. Ƙwaƙwalwar aikin tab a like take da dalma a jikin allon injinsa tun daga masana'anta, ba kamar ta babbar kwamfuta ba da ake cirewa a sa wata. Mai gyara na gaskiya zai gaya miki haka da bakinsa.

Yanzu sai maganar saye, kuma a nan ina so maigida ya matso kusa, tunda galibi shi yake zuwa kasuwa. Ko Farm Centre ka nufa a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikko, tambayar farko da za ka yi ita ce RAM nawa ne. Za ka ji an ce 4/64 ko 3/32. Ƙaramar lambar ta farko ita ce turmi, babbar ita ce rumbu. A shawarata, ga gidan da uwa da yara za su yi tarayya a kan tab guda, kada a sauko ƙasa da giga 4. Ɗalibin da zai riƙa ɗaukar darasi ta bidiyo, irin wanda muka gani a 2020 lokacin da korona ta rufe makarantu, in da hali a nema masa mai 6 ko 8. Gara mai 4/64 da mai 2/128, domin rumbu ana iya ƙara masa da ɗan memori a yawancin tab ɗin Android, turmi kuwa yadda ka saye shi haka za ka rabu da shi.

Ka kuma kula da wani rubutu da ake yi a kwali yanzu, 4+4 ko 8+8, wani lokaci ma a haɗe lissafin a rubuta babbar lambar da manyan baƙaƙe. Lambar farko ce ta ainihi. Ta biyun aro ne daga rumbu, wanda Samsung suke kira RAM Plus, wasu kamfanonin kuma da nasu sunan. Yana ɗan taimakawa wajen riƙe manhajojin da ke baya, amma saurin rumbu bai kama ƙafar na ƙwaƙwalwar gaske ba, don haka da lambar farko za ka yi ciniki. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka sa a kunna tab ɗin a gabanka, a shiga saiti a nuna maka lambar, sannan ka buɗe manhaja huɗu ko biyar ka riƙa yawo a tsakaninsu ka ga ko suna komawa farko. Wannan gwajin ya fi rubutun kwali gaskiya, domin akwai jabun tab marasa sunan kirki da ake sa musu lambar ƙarya har a cikin saitin. Masu sha'awar na hannu kuma, irin wanda ake cewa Landan-yus, su tambayi shekarar da aka yi shi. Tsohon iPad 2 ko iPad mini na farko na 2012 yana iya zuwa fes babu ko ƙwarzane, amma mega 512 ne a cikinsa, yawancin manhajojin yau ba za su ma hau kansa ba. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida.

'Yan mata kuma ga naku. Idan saurayi ya kawo miki tab, ki yi godiya ki karɓa hannu bibbiyu, kyauta ba ta kaɗan. Amma in ya fara rufewa ana tsakiyar hira, kada ki ce rowa ya yi miki, shi ma kada ya ce da gangan kika katse masa kira. Mai yiwuwa shi ma babbar lambar ya gani a kwali ya ɗauka ya yi bajinta.

Wadda kuma nata ƙarami ne kuma babu halin canzawa yanzu, kada ta jefar. Daidai ruwa daidai tsaki. Mai giga 1 ko 2 zai yi karatun littafi mai rubutu zalla, zai kunna karatu da waƙoƙin yara da finafinan da aka riga aka tura a ciki, in dai ba a haɗa masa da wani aikin ba. A ware shi ga wannan, aikin kasuwanci da na makaranta a yi shi a wayar da ta fi shi ƙarfi, har Allah ya hore na sabo.

Uwargida, yau da daddare idan yara sun kwanta, ki ɗauko kwalin tab ɗin gidanki in yana nan, ko ki shiga saitinsa, ki nemo ƙaramar lambar nan. In kin ga 1 ko 2, to kin gano mai laifi. Yaron da aka daka a kira shi a rarrashe shi, abokiyar zaman da aka ɗauke wa wuta a kai mata ko da ƙwaryar fura ce a wuce wurin. Mai wata tambaya a kan wannan ko wani abin da ya shafi gida, ƙofar wannan fili a buɗe take, a rubuto kamar yadda aka saba.